Filin Tambayoyin Masu Karatu: Tazarar Layi da Launin Nahawu a Rubutun Shel

Wasiƙun da suka taru a wannan karon, yawancinsu daga cikin garin Sakkwato da kewayensa, sun karkata ga matsala guda, wato saɓanin da ke faruwa tsakanin mai rubuta umarnin shel da editan da yake rubutu a cikinsa. Kafin mu shiga amsoshin, ya kamata mai karatu ya riƙe cewa masu karanta fayil ɗinsa biyu ne, kuma ba da ido ɗaya suke karantawa ba. Edita, ko Vim ne ko nano ko Emacs, yana duban siffar kalmomi ne ya yi hasashen inda `if` ya buɗe da inda `fi` ya rufe, sannan ya jera layuka ya shafa musu launi bisa wannan hasashe. Shel kuwa, wato Bash ko dash ko waninsu, shi ne mai zartar da umarnin, kuma in ban da wurare ƙalilan da za mu ambata, bai damu da tazarar da ke farkon layi ba, saɓanin Python wanda a wurinsa tazarar tana cikin nahawu. Saboda haka idan launi ya rikice ko layuka suka karkace, abu biyu ne: ko dai edita ya yi kuskuren hasashe, ko kuma ya hango ɓarna ta gaske tun kafin mai rubutun ya gan ta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Mabera, kuma ina koyon Bash da Vim a kan Ubuntu. Da farko idan na rubuta `then` na sauka ƙasa, sabon layin yakan matsa ciki da kansa, amma tun da na ƙirƙiri fayil ɗin saitin Vim, wato `.vimrc`, domin in sa lambobin layi, sai hakan ya daina. A wata tsohuwar kwamfuta kuma da muke gwaji a kanta, idan na kwafo rubutu na liƙa, kowane layi sai ya fi na samansa shiga ciki, kamar matakalar bene. Me na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka ɓata kome ba, ka dai taka wata ƙa'ida ce ta Vim da ba kasafai ake gaya wa masu koyo ita ba. Tun daga fitowa ta 8.0 a shekarar 2016, Vim yana zuwa da wani fayil mai suna `defaults.vim` wanda yake kunna launin nahawu da gane nau'in fayil da jera layuka, amma yana ɗora shi ne kawai idan bai tarar da `.vimrc` naka ba. Da zarar ka ƙirƙiri naka, ko da layi ɗaya ne a ciki, sai ya ɗauka cewa ka karɓi ragamar kome da kome, ya bar wancan. Maganin shi ne ka sa `source $VIMRUNTIME/defaults.vim` a layin farko na `.vimrc`, ko kuma ka rubuta abin da kake buƙata da hannunka:

```
syntax on
filetype plugin indent on
autocmd FileType sh setlocal shiftwidth=4 softtabstop=4 expandtab
```

Layi na biyu shi ne jigon maganar, domin shi ke sa Vim ya ɗauko ƙa'idojin jera layi da aka rubuta musamman domin shel, waɗanda suka san cewa bayan `then` da `do` a shiga ciki, a kan `fi` da `done` da `esac` kuma a dawo baya. Idan bayan wannan har yanzu bai yi ba, rubuta `:set ft?` ka ga abin da ya ɗauki fayil ɗin. Vim yana gane rubutun shel ne daga ƙarshen sunansa, wato `.sh`, ko daga layin farko mai farawa da `#!`, don haka sabon fayil da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu ba zai ganu ba sai ka ce masa `:set ft=sh`. Idan kuma ya amsa maka da cewa umarnin `syntax` ba ya cikin wannan fitowar, to ƙaramin Vim ne mai suna `vim-tiny` wanda Debian da Ubuntu kan zo da shi, sai ka sauke cikakken da `sudo apt install vim`.

Zan gargaɗe ka a kan `smartindent`, wanda abokai za su ce maka ka kunna. An yi shi ne domin harsuna irin C, inda layin da ya fara da `#` umarni ne ga mai harhaɗawa, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri mai aiki, kuma a bakin layi yake zama, saboda haka a rubutun shel zai riƙa fizgo maka kowane sharhi, wanda shi ma da `#` yake farawa, ya kai shi ƙarshen hagu. Ka bar shi a kashe.

Matakalar da kake gani a tsohuwar kwamfutar kuwa, dalilinta shi ne Vim bai san liƙawa kake yi ba, yana zaton bugawa kake yi da sauri, sai ya ƙara tasa tazarar a kan wadda rubutun ya zo da ita, layi bayan layi. Sababbin fitowar Vim da sababbin tamina, wato tagar da ake buga umarni a cikinta, sun san yadda za su shaida wa juna cewa liƙi ne, amma a tsoho sai ka rubuta `:set paste` kafin ka liƙa, ka mayar da `:set nopaste` bayan ka gama. Wanda ya riga ya karkace kuma, `gg=G` zai sake jera fayil ɗin tun daga sama har ƙasa, sai dai ka karanta amsar da ke biye kafin ka saba da yin hakan ido rufe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a wani ofishi da ke kan titin Ahmadu Bello. Na gaji wani rubutu da ke kwafe bayananmu kowane dare ya kuma rubuta rahoto. Na ga layukansa a hargitse, wasu da tab wasu da sarari, sai na mayar da su duka sarari da `:retab` domin su yi kyan gani. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba, amma yanzu yana cewa `here-document at line 14 delimited by end-of-file (wanted 'EOF')`, kuma daga layi na 14 har ƙarshe launin ya zama iri ɗaya. Ashe ba an ce shel bai damu da tazara ba?

Amsa: Yallaɓai, ka faɗa ne a cikin babban wurin da wannan magana ba ta aiki. Abin da ke layi na 14 shi ne abin da masu sana'ar ke kira hiyadok, wato hanyar cusa dogon rubutu a cikin umarni, inda ake buɗewa da `<<EOF` a jero layuka, sannan a rufe da kalmar `EOF` ita kaɗai. Sharaɗin shel a nan mai tsauri ne: layin rufewar dole ya zama kalmar tsurarta, ba sarari a gabanta, ba sarari a bayanta. Idan aka sami ko sarari ɗaya, shel ba zai gane ta a matsayin rufewa ba, zai ci gaba da haɗiye duk abin da ya biyo baya a matsayin rubutu har fayil ya ƙare.

Wanda ya rubuta maka wannan tun farko ya san da haka, kuma ina kyautata zaton `<<-EOF` ya yi amfani da shi, mai karan ɗori a tsakiya. Wannan karan yana gaya wa shel ya share duk tab da ke farkon layukan hiyadok ɗin, har da na layin rufewa, domin a samu damar shigar da su ciki su yi daidai da sauran rubutun. Amma tab kaɗai yake sharewa, ba ya taɓa sarari. Ke nan cakuɗar da ka gani ta ba ka haushi da gangan aka yi ta, kuma da ka mayar da tab ɗin sarari sai kalmar rufewa ta ɓace wa shel. Edita ya gaya maka gaskiya da ya shafe sauran fayil ɗin da launi guda, domin a idon shel ma duk wannan yankin ya zama zance, ba umarni ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan shi ne ba koyaushe yake tsayar da aiki ba. Idan hiyadok ɗin yana cikin `if` ko `for`, to `fi` ko `done` ɗinsa ma an haɗiye shi, sai Bash ya ƙara da `syntax error: unexpected end of file` ya tsaya, ka san akwai matsala. Idan kuwa a fili yake, ba ya cikin kome, gargaɗi kawai Bash zai yi ya wuce, ya zuba sauran umarnanka a cikin rahoton a matsayin rubutu ba tare da ya zartar da ko ɗaya ba. Rubutun da `cron`, shirin da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ke tayarwa da tsakar dare babu mai zaune yana kallon gargaɗinsa, don haka kafin ka gyara kome, je ka duba ko an kwafe bayanan a dararen da suka wuce tun ranar da ka yi gyaran.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Rubuta `:set list` domin Vim ya nuna maka abin da ido ba ya gani, inda tab zai fito a matsayin `^I`, ƙarshen layi kuma `$`. Daga tamina `cat -A` yana yin wannan aikin. Sai ka mayar da tab a farkon layukan hiyadok ɗin, kuma da yake ka kunna `expandtab`, danna maɓallin tab zai ba ka sarari ne, sai ka danna Ctrl-V sannan tab domin a sa na gaske. A Emacs Ctrl-Q ne ke yin haka. Ni dai ra'ayina, a rubutun da hannu fiye da ɗaya zai taɓa, kada a dogara ga `<<-` ko kaɗan, domin na gaba da zai gaje ka zai zo da nasa editan ya maimaita abin da ka yi. Gara a bar hiyadok da `EOF` ɗinsa a manne da bakin hagu ko da ya ɓata kyan jeri, ko kuma idan layukan ba su da yawa a yi amfani da `printf '%s\n'` a ba shi kowane layi a cikin alamar zance, wanda za a iya shigar da shi ciki yadda aka ga dama.

Akwai wurare biyu makamantan wannan da ya dace ka sani tunda kana kula da saba. Na farko, karan jirge na baya, wato `\`, da ake sawa a ƙarshen layi domin a ci gaba da umarni a layi na ƙasa: idan sarari ya biyo bayansa, ya daina haɗa layukan, sai na ƙasa ya zama umarni mai zaman kansa. Na biyu, fayil ɗin `Makefile`, wanda layukan umarninsa da tab suke farawa, kuma `:retab` zai karya shi kamar yadda ya karya naka. Duk lokacin da ka sake jera wani rubutu, ka bi shi da `bash -n sunan_fayil.sh`, wanda ke karanta nahawu ba tare da zartar da kome ba.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar sakandare a Runjin Sambo, ina koya wa ɗalibai 'yan ƙananan rubutun shel, kuma ina so saƙonnin su fito da Hausa. Na rubuta `echo 'Barka da zuwa jami'ar mu'` sai duk layukan da ke ƙasa suka canza launi, Bash kuma ya ce ``unexpected EOF while looking for matching `''``. Shin shel ba ya karɓar Hausa ne?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari. Shel yana karɓar Hausa sarai, matsalar ita ce alamar da muke rubuta hamza da ita a boko ita ce dai alamar da shel ke buɗe zance da rufe shi da ita. Ki ƙirga su a layin naki za ki ga uku ne. Ta farko ta buɗe, ta cikin `jami'ar` ta rufe, ta ƙarshe kuma ta sake buɗe wani zancen da ba a rufe ba, shi ya sa shel ya bi fayil ɗin har ƙarshe yana neman abokiyarta, edita kuma ya bi shi da launi. A cikin alamar zance mai ƙwaya ɗaya babu wata hanyar kuɓutar da hamza, ko an sa mata karan jirge a gaba ba ya aiki, domin a can kowane harafi a matsayin kansa yake har sai an ci karo da alama ta gaba.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce jimlar da hamzarta ta zo biyu. Idan ɗalibi ya rubuta `echo 'sa'a da ma'aikata'`, alamomin sun zama huɗu, sun rufe juna, ba za a ga kuskure ko ɗaya ba, amma abin da zai fito a allo shi ne `saa da maaikata`. Haka `echo 'ya'ya` zai buga `yaya`, wanda kowane Bahaushe ya san wata kalma ce dabam. A nan launin edita ne kaɗai zai taimake ki, domin za ki ga rabin jimlar da launin zance, rabi kuma babu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki koya musu rubuta saƙon Hausa a cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, kamar `echo "Barka da zuwa jami'ar mu"`, inda hamza ba ta da wani iko. Abin lura shi ne a cikin mai ƙwaya biyu alamar `$` tana aiki, don haka idan ana son ta fito da kanta sai a sa mata karan jirge a gaba. Idan dole sai mai ƙwaya ɗaya, ana rubuta `'jami'\''a'`, wato a rufe, a sa hamza da kariyarta, a sake buɗewa, amma ban ga dalilin wahalar da yaran sakandare da wannan ba. Dogon saƙo kuma a sa shi a hiyadok, inda hamza ke zama lafiya, haka ma a cikin sharhin da ya fara da `#`.

Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da matsala a cikin saƙo ko sharhi muddin an adana fayil ɗin da tsarin UTF-8. Inda ba sa shiga shi ne sunan ma'ajiya, wato sunan da ake ajiye ƙima a ƙarƙashinsa, domin Bash haruffan Ingilishi da lambobi da karan ƙasa, wato `_`, kaɗai ya yarda da su a can. Wanda ya rubuta `ɗalibi=5` zai sami `command not found`, sai ya haƙura da `dalibi=5`. Kuma ki ja kunnensu a kan sarari a gefen alamar daidai: `suna = Audu` a wurin shel yana nufin a tayar da umarni mai suna `suna`. A cikin `[ "$a" = "$b" ]` kuwa sararin wajibi ne, saboda `[` kansa umarni ne kamar `echo`.

Tunda na san yawancin aikin gida ta WhatsApp yake yawo, ki sani cewa Microsoft Word da allon buga rubutu na wasu wayoyi sukan musanya miƙaƙƙiyar alamar zance da lanƙwasasshiya, wadda shel ke ɗauka harafi ne kamar sauran, ba ta buɗe kome ba ta rufe kome. Ki sa su riƙa turo fayil ɗin kansa a matsayin takarda, kada su kwafe abin da ke ciki su liƙa a saƙo.

Tambaya: Malam, mu biyu muke aiki a kan rubutu ɗaya, ni ina son tab, abokina yana son sarari biyu. Wa ya fi gaskiya? Daga wani mai karatu a Tambuwal.

Amsa: Babu wanda ya fi, ɗan'uwa, domin shel bai bambanta su ba sai a wurin da muka ambata a sama. Ƙa'idar rubutun shel ta kamfanin Google ta zaɓi sarari biyu, Emacs kuma matakin huɗu yake farawa da shi ta hanyar `sh-basic-offset`, manhajar `shfmt` kuwa tab take sawa idan ba a ce mata kome ba. Abin da ke ɓata aiki shi ne cakuɗawa, domin tab faɗinsa takwas ne a tamina, a wani editan kuma huɗu, sai abin da ya jeru a wurinka ya karkace a wurinsa. Ku yanke shawara ɗaya ku rubuta ta a fayil mai suna `.editorconfig` a cikin jakar aikin, sannan ku bar `shfmt` ya riƙa jera muku: `shfmt -i 2 -d fayil.sh` zai nuna abin da zai canza, idan kun gamsu ku musanya `-d` da `-w` ya rubuta. Fifikonsa a kan `gg=G` shi ne yana warware nahawun rubutun gaba ɗaya kafin ya taɓa shi, idan ya ga kuskure sai ya ƙi aiki ya faɗi layin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Illela. Na rubuta rubutun shel a kwamfutar Windows na tura shi saba mai Linux, sai ta ce `/bin/bash^M: bad interpreter: No such file or directory`, alhali Bash yana nan. Na buɗe shi a Vim ban ga wani `^M` ba.

Amsa: Alhaji, `^M` ɗin yana nan, Vim ne ya ɓoye maka shi. Asalin abin tun zamanin injunan buga saƙon waya ne, waɗanda ke buƙatar umarni biyu a ƙarshen kowane layi, ɗaya ya mayar da kan injin bakin takarda, ɗaya ya tura takardar sama. Su ne CR da LF, masu lamba 13 da 10 a tsarin ASCII. Windows ya riƙe duka biyun, Unix da Linux kuwa LF kaɗai suke amfani da shi, saboda haka da saba ta karanta layinka na farko sai ta tafi neman shiri mai suna `bash` haɗe da CR a wutsiyarsa, wanda babu shi. Sababbin fitowar Bash sukan ce `cannot execute: required file not found`, idan kuma ka tayar da shi da `bash fayil.sh` za ka ga `$'\r': command not found`, duk ciwo ɗaya ne.

Idan kowane layi na fayil yana da CR, Vim yakan gane tsarin Windows ne, ya ɓoye su, ya rubuta `[dos]` a ƙasan allo lokacin buɗewa. Rubuta `:set ff=unix` sannan `:w`, shi ke nan. Daga tamina kuma `dos2unix fayil.sh` ko `sed -i 's/\r$//' fayil.sh` suna yin aikin, umarnin `file fayil.sh` kuma zai gaya maka tun farko idan akwai CRLF. Domin kada ya dawo, ka gyara daga tushe: a Notepad++ da VS Code akwai wurin da ke nuna CRLF ko LF a ƙasan taga, ka mayar da shi LF kafin ka adana. Mai amfani da Git ya sa `*.sh text eol=lf` a cikin `.gitattributes`.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo da ya kamata ka duba a lokaci guda. Tsohon Notepad idan ya adana da UTF-8 yakan sa wasu bayit uku marasa ganuwa a farkon fayil, waɗanda ake kira BOM, kuma da yake dole `#!` su zama farkon abin da ke cikin fayil, waɗannan ukun sukan hana a gane layin. A Vim `:set nobomb` da `:w` suna cire su.

Tambaya: Malam, a wata tsohuwar saba Vim yana shafa jan launi a kan `$(date)` kamar kuskure ne, alhali yana aiki. Wani rubutun kuma launinsa lafiya lau, amma da na ce `sh fayil.sh` sai ya ce `[[: not found`. Wanne zan yarda da shi? Daga wata ɗaliba a Arkilla.

Amsa: Ƙanwata, a duka biyun tambayar ita ce wane shel ake nufi, domin ba ɗaya ba ne. Na asali shi ne wanda Stephen Bourne ya rubuta a Bell Labs, ya fito tare da Unix fitowa ta 7 a 1979, kuma daga harshen ALGOL 68 ya aro ɗabi'ar rufe `if` da `fi`, `case` da `esac`. Wancan shel bai san `$(...)` ba. Tsofaffin fitowar Vim idan suka ga `#!/bin/sh` sukan ɗauka shi ake nufi, shi ya sa jan launin. A nan edita ne ya yi kuskure, sai ki sa `let g:is_posix = 1` a `.vimrc`, ko `let g:is_bash = 1` idan Bash kike rubutawa kullum.

A na biyun kuwa shel ne mai gaskiya. Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989 domin aikin GNU, ya ƙara abubuwa da yawa irin su `[[ ]]` da jerin ƙima a ma'ajiya guda. A Ubuntu tun fitowa ta 6.10 a 2006, `sh` ba Bash ba ne, dash ne, ƙaramin shel mai sauri da bai san waɗannan ƙarin ba. Kuma idan kika ce `sh fayil.sh` kin tsallake layin `#!` ke nan, ko me aka rubuta a can dash ne zai karanta. Ki sa `#!/bin/bash` a sama, ki ba fayil ɗin izini da `chmod +x`, ki tayar da shi da `./fayil.sh`.

Wani wurin da editoci ke tuntuɓe shi ne `case`, domin kowane zaɓi yana ƙarewa da baka mai rufewa wadda ba ta da mai buɗewa, musamman idan `case` ɗin yana cikin `$(...)`. Ƙa'idar POSIX, wato ma'aunin bai-ɗaya na shel, ta halatta a rubuta `(start)` a madadin `start)`, kuma wannan kan daidaita launin da jerin a take. A dogon fayil kuma, idan launi ya rikice bayan kin yi tsalle zuwa tsakiya, dalilin shi ne Vim ba ya komawa farkon fayil kowane lokaci, 'yan layukan baya kawai yake dubawa, sai ki ce masa `:syntax sync fromstart`.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, a wayar Android nake koyo da Termux, manhajar tamina ta waya, da nano. Akwai abin da zai duba mini kuskure ba tare da na ƙona data ba? Daga wani matashi a Gidan Igwai.

Amsa: Akwai, ƙanena. A fayil ɗin `~/.nanorc` ka sa `set autoindent` da `set tabsize 4` da `set linenumbers`, amma ka sani `autoindent` na nano kwaikwayon tazarar layin sama kawai yake yi, bai san `then` ko `fi` ba, don haka shiga da fita aikinka ne. Alt da P suna nuna maka tab da sarari. `bash -n` yana tare da kai tun farko, ba ya buƙatar intanet. Sannan ka nemi ShellCheck, manhajar duba kurakuran rubutun shel, wanda Vidar Holen ya rubuta, sau ɗaya ake sauke shi ya ci gaba da aiki ba data. Yana ba kowace matsala lamba: SC1017 ita ce CR ɗin da ya dami mai shago a Illela, SC1039 da SC1040 su ne tazarar da ke gaban `EOF`, SC2086 kuwa, wadda za ka fi yawan gani, tana nufin ka bar ma'ajiya ba alamar zance, abin da zai raba sunan fayil gida biyu idan akwai sarari a cikinsa. Ka fara gyara masu lambar da ta fara da 1, domin su ne na nahawu, kuma sau da yawa ShellCheck ba ya iya duba sauran rubutun sai an kawar da su.